Gaisuwar Babbar Sallah daga Bakin Tafkin Hallstatt

Assalamu alaikum Baba, da Inna, da Yaya, da dukan mutan gida. Barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. Ina fatan kuɗin ragon sun iso a kan lokaci. Inna, a ajiye mini soyen naman cikin kitse kamar yadda aka saba, ko da ba ni zan ci ba.

Mun yi Idi a Salzburg cikin wani ɗaki, babu dawaki, babu algaita. Zuciyata ta yi nauyi, shi ya sa washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Hallstatt, wani ɗan gari a nan Ostiriya wanda mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Tashar tana ƙetaren tafki, sai an shiga jirgin ruwa kafin a isa. Gidajen sun manne a jikin dutse kamar sheƙar tsuntsaye, ruwa a gaba, tsauni a baya.

Baba, saboda kai na rubuta wannan takarda. Garin nan gishiri ne ya kafa shi. Kusan shekara 7,000 ke nan ana haƙarsa a cikin dutsen. Aka ba mu kayan aiki muka sa, muka shiga ramin, sanyi yana ratsa ƙashi. A ciki aka nuna mana wata matattakalar katako da ta haura shekara 3,000, gishiri ya hana ta ruɓewa. A 1734 ma mahaƙa sun tarar da gawar wani mutumin dā, da fatarsa da tufafinsa. Ina tsaye a wurin sai labarin Kaka ya faɗo mini, yadda yake bin ayarin raƙuma ta Tenere zuwa Bilma, ya kai gero ya dawo da kantu. Su na Bilma rana ce ke busar musu da ruwan gishirin. Waɗannan kuwa cikin duhu suka yi ta sara da hannu. Daga baya suka koma narka shi da ruwa, suka shimfiɗa bututun katako na wajen kilomita 40 zuwa Ebensee, inda ake dafa shi. Wallahi na yi ƙwalla, don wahalar iri ɗaya ce.

Gidan tarihin garin na ratsa shi da sauri, makamai ne da kayan ado daga kaburburan da aka fara tonowa a 1846.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne ɗakin ƙasusuwa kusa da cocinsu. A da maƙabartar ta yi musu kaɗan, sai suka riƙa tono ƙwaryar kan mamaci, su rubuta sunansa, su zana furanni a goshi. Sun fi 1,000 a jere. Na gane ƙauna ce ta sa su, amma ban iya daɗewa ba. Na fito na zauna bakin ruwa ina yi wa Kaka addu'a.

Na sayo ɗan dutsen gishirinsu, ja-ja ne. Zan ba mai zuwa gida ya kawo maka, Baba, ka lasa ka gaya mini ko ya kama ƙafar na Bilma. A gaishe mini da su Gwaggo, a ba yara goron Sallah da sunana.

Ɗanku mai kewarku.