Kafin a ɗora wa shafin intanet manhaja, a dubi wanda zai riƙe shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina kan rubutun da ya fito a filinku na kimiyya da fasaha makonni biyu da suka wuce, inda marubucin ya shawarci duk mai son shafin intanet ya ɗora WordPress, wata babbar manhajar gina shafi, ya huta. Sau biyu na karanta shi. Ban ga ƙarya a ciki ba, sai dai shawarar ta yi mini kama da a ce duk mai kai kaya kasuwa ya ɗauko tirela, alhali wani buhun gero ɗaya gare shi, amalanke ma ya ishe shi.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Zariya, da yamma kuma nakan taɓa ƙirar shafuka don rufin asiri. Shekara huɗu da suka wuce kawuna, wanda ke da makarantar Islamiyya haɗe da boko a cikin gari, ya ce in yi musu shafi. Na zauna na rubuta shi da hannuna, da HTML da CSS, harsunan da ake rubuta shafin intanet da su, layi bayan layi, ban ari rigar kowa ba. Shafuka shida ne kacal. A samansa na kwaikwayi zanen bangon tsofaffin gidajen birnin Zazzau, da dagi a tsakiya, launin ƙasa da shuɗi. Na matse hotuna har shafin farko bai kai kilobayit 300 ba, don na san da ƙananan Tecno da itel iyayen yara za su buɗe shi, a unguwannin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Aiki ya yi kyau, amma na ɗaure kaina da igiya. Duk wata sanarwa sai ta bi ta kaina: ranar komawa makaranta, kuɗin zango, walimar sauka. Ina tsakiyar darasi waya za ta yi ƙara, in fita baranda in ji muryar Kawu: "Ɗana, an ɗage jarrabawa zuwa Asabar, a gyara." Sai na koma gida, in an yi sa'a akwai wuta, in buɗe fayil in canja kalma ɗaya in tura shi sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet. Wata rana sai bayan an gama jarrabawar sanarwar ta hau. Wannan ce ta sa na shiga neman abin da ake kira CMS, wato manhajar da ke ba mai shafi wata ƙofa ta baya, ya shiga da kalmar sirri ya canja rubutu ko hoto ba tare da ya taɓa ƙirar ba.

Kamar kowa, WordPress na fara ɗauka. Tun 2003 take, kyauta ce, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke tafiya, wa zai ga laifina? To amma in kana da ƙirarka ta kanka, sai ka yayyanka ta ka sake ɗinkawa yadda za ta shiga tsarinta. Na yi ƙyuya. Na ɗauko rigar da wani ya ɗinka, na ƙara filogin, wato ƙananan manhajojin da ake jona mata: akwai na tsara shafi, da na hotuna, da na fom, da wani da na manta amfaninsa. Dagin da na yi kwana uku ina zanawa ya koma ɗan tambari a lungu. Shafin farko ya haura megabayit 4. Mafi muni, ɗaya daga cikin filogin ɗin na kuɗi ne, ni kuma na karɓi kwafin sata a wani zauren WhatsApp na masu irin sana'armu, ina murna na samu banza.

Wanda aka damƙa wa shafin shi ne Malam Sakatare, dattijo mai kyan rubutun hannu, wanda duk rasit ɗin makarantar ke hannunsa tun kafin a haife ni. Ya iya tura saƙo a WhatsApp, ya iya ɗaukar hoto, ba shi da kwamfuta. Ranar da na nuna masa ƙofar baya a wayarsa, ya daɗe yana kallon jerin kalmomin Turanci fiye da goma, ga wasu jajayen ɗigo masu lamba suna neman a sabunta wani abu. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu ya ce, "Malam, ina tsoron in taɓa wani wuri in yi ɓarna." Aka ci gaba da kirana kamar da. Ni ma da na ga haka sai na daina leƙawa, wata takwas babu wanda ya sabunta komai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya kira ni, ko gaisuwa bai amsa ba. Wani uban yaro ne ya nuna masa: in ka danna "Tarihin Makaranta" sai ka tsinci kanka a shafin caca, da hotunan da ba zan iya bayyanawa a jarida ba. Makarantar Alƙur'ani fa! Na so ƙasa ta tsage in shige. Laifin ba na WordPress ba ne, nawa ne da kwafin satar da na ɗora, wanda ashe da ƙofar masu kutse a cikinsa. Amma ya nuna mini abin da rubutunku bai faɗa ba: babbar manhaja kamar mota ce, tana son mai duba ta a kai a kai, kuma yawancin ƙananan makarantu da shaguna da ƙungiyoyinmu ba su da wannan mutum, ba su kuma da kuɗin ɗaukarsa.

Garin gyara na sake yin wata ɓarnar. Na kwashe rumbun bayanan na koma wani kamfanin haya, irin masu ba da wurin ajiye shafi a intanet, ban lura tsarin haruffansa ba UTF-8 ba ne. Duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya. "Alƙur'ani" ya zama "Al?ur'ani", "ɗalibai" ya zama "?alibai". Dare biyu ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan, kowace manhaja zan gwada, abin da nake fara rubutawa shi ne "ƙaramin ɗan ɓera", in adana, in sake buɗewa in gani. Mai rubutu da Turanci ba ya sanin wannan ciwo, shi ya sa ba za ka ga maganarsa a shawarwarin da ake kwafowa daga waje ba.

Da na sake zama, ban fara da tambayar wace manhaja ce ta fi suna ba. Na ɗauki takarda na rubuta abin da ke canjawa a shafin cikin shekara. Abu uku ne: sanarwa, jadawalin kuɗi, da hotunan walima. Sauran duk a tsaye suke. Sai na shiga gwaji.

Hugo da Jekyll, manhajojin da ke gina shafi tsayayye daga fayilolin rubutu, sun burge ni, shafinsu na buɗewa kamar ƙiftawar ido, kuma babu abin da mai kutse zai kama. Amma duk gyara sai an rubuta fayil an sake gina shafin, wanda ke nufin ni ne dai zan ci gaba da amsa waya a baranda. Kirby, wadda wani Bajamushe ya ƙirƙira, ita ta fi kwanta mini, domin kai kake tsara wa mai shafi abin da zai gani. Sai dai lasisinta na kuɗi ne, kowane shafi da nasa, da kuɗin Turai, a lokacin da bankuna da yawa suka rufe sayayyar waje da katin naira. Ko da an samu hanya, bayan abin da ya samu naira daga watan Yunin 2023 ba zan iya kai wa Kawu wannan lissafi ba. Grav kyauta ce, ba ta buƙatar rumbun bayanai, kowane shafi fayil ne a cikin folda, ajiye kwafi kuwa bai wuce kwashe foldar a zuba a filashi ba. Ita na ɗora wa wata matar abokina mai sayar da turaren wuta, wadda ta yi karatu ta kuma saba da kwamfuta, har yau ba ta kira ni da kuka ba.

Makaranta kuwa CouchCMS na zaɓa mata, saboda an yi ta ne don irin halin da nake ciki. Ba ta taɓa ƙirarka. Za ka mayar da sunan fayil daga html zuwa php, ka sa layi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, sannan ka kewaye wurin da kake son a riƙa canjawa da 'yar alama. Shi ke nan. Dagina ya dawo mazauninsa, nauyin shafin ya koma kusan yadda yake da farko, abin da ya ƙara muhimmanci tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. CouchCMS tana buƙatar rumbun bayanai na MySQL, amma wannan karon da idona na tabbatar da tsarin haruffa kafin in zuba komai. Abin da ya fi mini daɗi, ni ne ke raɗa wa kowane akwati suna. Na rubuta su da Hausa: "Rubuta sanarwa a nan", "Kuɗin zango", "Ɗora hoto a nan". In Malam Sakatare ya shiga, abin da yake gani ke nan, ba shi da hanyar rushe komai ko da ya so.

Kada a ce na zo talla. Ƙananan manhajoji suna da nasu haɗari, kuma na san shi. Da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke kula da su; in suka gaji suka bari, ranar da kamfanin haya ya ɗaga PHP, harshen da manhajar ke aiki da shi, zuwa sabon zubi sai shafi ya tsaya cak. An ga haka lokacin da aka daina kula da PHP 7.4 a ƙarshen 2022, tsofaffin shafuka da dama suka sha wahalar komawa 8. Don haka kafin in ɗauki wata, sai na duba yaushe aka fitar da gyaranta na ƙarshe. Sannan in yau na bar Zariya, wanda ya iya WordPress ba shi da wuyar samu a Samaru ko Sabon Gari, wanda ya san CouchCMS kuwa sai an tona. Na rubuta bayanin komai a shafi biyu, da kalmomin sirri, na sa a ambulan, yana cikin akwatin ƙarfen da Kawu ke ajiye takardun filin makaranta. Kuma gidan jarida irin naku, mai marubuta da yawa da labarai kullum, ko babban shago mai ɗaruruwan kaya, ba zan ce su bi hanyata ba. A nan tirelar ce daidai.

Roƙona ga marubucin filin, in zai sake taɓo wannan batu, ya samu wani irin Malam Sakatare, ya miƙa masa waya ya ce ya canja kwanan wata a shafi, shi kuma ya koma gefe ya yi shiru, sannan ya rubuta mana abin da ya gani.

Namu dai, sanarwar hutun babbar Sallar da ta wuce shi ya ɗora ta da kansa, yana zaune a benci ƙofar ofis. Ban sani ba sai da na gani a wayar matata. Ya rubuta "hutu" da u biyu a ƙarshe, washegari kuma ya koma ya gyara abinsa.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kwamfuta,
Tudun Wada, Zariya.