Wasiƙa zuwa ga Baba daga Sunderland

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah.

Yaya ya isar mini da saƙonku, cewa hankalinku bai kwanta ba da wasan nan da jikanku ya sa a gaba. Sunansa kurket, kuma a nan Ingila sana'a ce da ake ci da ita. Shi yaron jifa yake yi, jifan ma na ƙarfi. Mutum zai taho a guje daga nesa, ya wulwulo hannu a miƙe ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannu ba, ya sako jar ƙwallon fata mai tauri ta daki ƙasa ta nufi wasu sanduna uku da mai bugu yake karewa, tazarar yadi 22. Ya yi shida a jere, wani ya karɓa, a sake dawowa kansa. Wasan manya na gasar gundumomi kuwa kwana huɗu ake yi. Ba zan ɓoye muku ba, aikin yana cin baya da gwiwa da idon sawu, shi ya sa ake ƙayyade wa yara adadin jifan da za su yi a rana. Ranar wasa in ya dawo, da ƙyar yake sunkuyawa ya kwance igiyar takalmi.

Wanda yake kwaikwayo ɗan garin nan ne, Chris Rushworth. Ƙungiyar gundumar Durham ta sallame shi tun yana matashi, ya koma aikin amsa wayar kwastomomi, yana wasa a ƙaramin kulob. Sai 2010 ya samu shiga sahun manyan Durham, kuma yana cikinsu suka ci gasar gundumomi a 2013. A 2014 ya fitar da masu bugu na gundumar Northamptonshire sau 15 a yini guda, wato jifansa ne ya kawo ƙarshen bugunsu, alhali sau 20 ne gaba ɗaya za a iya fitar da su a wasan. A 2015 ya fitar da 83 a gasar, 'yan wasa 'yan uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara. Zuwa 2021 ya wuce 527 da tsohon mai jifan Durham Graham Onions ya fitar, ya zama babu kamarsa wajen fitar da masu bugu a tarihin Durham. Daga baya ya koma Warwickshire a 2023.

Duk da haka, Baba, ko sau ɗaya bai sa rigar Ingila ba. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin a ganina an tauye masa haƙƙi. Gundumomi 18 ne ke wannan gasa, kowacce da masu jifanta, gurbin ƙasa kuwa ɗan kaɗan ne. Yawancinsu haka suke ƙarewa: daga Afrilu zuwa Satumba suna fama cikin iska mai sanyi gaban 'yan kallo ƙalilan, kwantiragi ya ƙare a sabunta ko a ce a sauka lafiya.

Na zaunar da yaron na faɗa masa wannan duka, har da ciwon bayan. Ya ce ya ji ya gani. Sharaɗina da shi, makaranta da karatun Alƙur'ani ba za su taɓu ba, ranar da suka taɓu an ajiye ƙwallo. Abin da nake roƙo ku sa masa albarka, don ya fi jin maganarku a kan tawa.

A gaida Inna da Gwaggo da su Yaya. Mai ɗakina tana gaishe ku da kyau.

Wassalam,
Ɗanku