Wasiƙar Kirsimeti zuwa gida Agege

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya, aiki da godiya, sai dai sanyin Ingila, ƙarfe huɗu ba ta cika ba rana ta faɗi. Kuɗin shinkafa da kaji na tura wa Yaya. Mama, don Allah a fara fitar da kwanukan maƙwabta kafin yara su sa hannu, musamman gidan Alhaji, da ba su taɓa manta mu da naman layya ba.

Baba, ku yi haƙuri, akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma a waya ba zan iya faɗinta ba saboda nauyinku. Maganar Auta ce da yaron da ke nemanta. Na ji kun ce ba ku ga aibu a halinsa ba, matsalar dai Bayarabe ne, kuma ɗan Baptis, ba ɗan ekklesiyarmu ta ECWA ba.

Ku kuka koya mana tarihin ekklesiyarmu. A Legas ɗin nan da kuke zaune Gowans da Kent da Bingham, Turawan da suka kafa SIM, mishan ɗin da ya haifi ECWA, suka sauka a watan Disamba na 1893, biyu daga cikinsu kuma ba su ga ƙarshen 1894 ba. Ba danginmu ba ne, ba su jin harshenmu. Kuma Yarabawan Yagba na Egbe, inda Baturen mishan Titcombe ya zauna tun 1908, suna cikin waɗanda suka fara karɓar bishara ta hannun wannan mishan ɗin, tun Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa ba, don shi sai 1932. Wato a gidan namu ma Yarabawa ba baƙi ba ne. Zancen ɗarika kuwa, Kirsimetin da aka yi a Badagry a 1842, Freeman ɗan Metodis da Townsend ɗan Angilika ne suka yi shi tare a gindin itace. Inda sun tsaya tambayar juna katin ɗarika, da an watse ba a yi sujada ba.

Ni ban ce a zubar da al'ada ba, Allah ya kiyaye. Su kawo kayan gaisuwa, su biya sadaki, a duba lefe, 'yan Zumuntar Mata su zo da kayan kiɗansu su cika layi da waƙa, mu ma mu kai gara yadda ya kamata. Su kuma a bar su su yi nasu. Kun sha ganin bikinsu a unguwa: ango da abokansa su kwanta rub da ciki gaban iyayen amarya, a jera doya da zuma da gishiri, a ce wa amarya ta ɗauki abin da ya fi daraja a cikin kayan, ta miƙa hannu ta ɗauki Littafi Mai Tsarki. Mene ne a nan da zai kunyata dattijon ekklesiya? Abin da za a ƙi, ko namu ko nasu, shi ne wanda ya saɓa wa Maganar Allah, da kuma cin bashi don a burge mutane.

Zaman nan ya nuna mini abin da ban gani ba a gida. A nan akwai majami'un da aka mai da su gidajen haya da shaguna saboda babu masu zuwa. Wadda nake zuwa, tsofaffin Turawa ne kaɗan, sai mu: Ibo, Yarabawa, 'yan Gana, 'yan Zimbabuwe, 'yan Indiya. Ba wanda ke da sararin tambayar wani daga wace ɗarika ya fito. Wata abokiyar aikina da ba ta taɓa shiga majami'a ba ta bi ni sujadar waƙoƙin Kirsimeti, kuma abin da ta tambaye ni a hanya shi ne me ya haɗa mutane iri-iri haka har suke cin abinci a kwano ɗaya. Daga nan na sami bakin gaya mata labarin Yesu. Addu'ar Ubangiji ke nan a Yohanna 17:21, mu zama ɗaya domin duniya ta gaskata.

Su Alhaji ma suna kallonmu, Baba. Shekara da shekaru kuna ba su shaida cikin ladabi, ba faɗa ba gori, suna kuma girmama ku. In suka ji kun hana 'yarku Kirista ɗan'uwanku saboda yarensa, da wane baki za mu sake ce musu cikin Almasihu babu Bayahude babu Bahelene?

Roƙona shi ne ku kira shi ya ci abincin Kirsimeti tare da ku, ku zauna da shi ku auna shi da kanku, ku kuma sa Fasto ya bincika shaidarsa a wurin fastonsu. In an sami abin ƙi, ni ce ta farko da zan goyi bayanku. In ba a samu ba, a sa rana bayan Ista, lokacin zan iya samun hutu in zo.

A gaishe da Kawu da iyalinsa a Obalende, da Fasto da Mama Fasto, da 'yan mawaƙa. Mama, in kin sami mai zuwa, a aiko mini da kuka da daddawa da yaji, nawa sun ƙare.

Taku,
babbar 'yarku