Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Masu Neman Izinin Manyan Gine-ginen Kasuwanci a Ingila

Assalamu alaikum, abokan hulɗarmu masu daraja.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne don mu yi muku bayanin yadda ƙananan hukumomin Ingila ke yanke hukunci kan takardun neman izinin manyan gine-ginen kasuwanci, irin su babban kanti, sito, masana'anta da ofisoshi. Da yawa daga cikinku hankalinku na kan ranar da kansiloli za su zauna su kaɗa ƙuri'a, kamar a ranar ake yin komai. Alhali kafin wannan zama an riga an gina mafi yawan hukuncin a cikin takardu, bayan zaman kuma da sauran aiki kafin a kafa tubali ko ɗaya. Bayanin nan na Ingila ne kaɗai, domin Sikotlan, Wels da Ailan ta Arewa kowacce da nata tsarin.

A doka, ginin kasuwanci yana shiga sahun manya idan faɗin dabensa ya kai murabba'in mita 1,000, ko filin ya kai hekta 1. Ƙaramin aiki ana ba hukuma mako 8 ta yanke hukunci, babba mako 13, wanda ke buƙatar cikakken binciken tasirin muhalli kuma mako 16. Sai dai ba a fara ƙirga waɗannan makonni sai takardu sun cika. Kowace ƙaramar hukuma tana da jerin abubuwan da take so a haɗa, kuma ɗaya kacal in ya ɓace, fayil zai zauna ba mai taɓa shi. Kuskuren da ya fi yawa yana kan taswirar wuri: jan layin da ke kewaye filin dole ya haɗa har da hanyar shiga daga titin gwamnati. Na biyu shi ne takardar shaidar mallaka. Doka ta yarda mutum ya nemi izini a kan filin da ba nasa ba, amma sai ya sanar da masu shi, kuma wanda ke riƙe da hayar da ta rage shekara 7 ko fiye shi ma ana lissafa shi cikin masu fili. In aka tsallake shi, an bar ƙofar da za a iya ƙalubalantar izinin daga baya.

Tushen kowane hukunci shi ne kundin tsarin raya yanki da hukumar ta amince da shi. Sashe na 38(6) na dokar tsara gari ta 2004 ya ce a yanke hukunci bisa wannan kundi, sai in akwai wasu dalilai masu nauyi da suka nuna akasin haka. Don haka abin da za a fara dubawa, tun kafin a kira mai zane, shi ne me kundin ya ware filin don shi. Filin da aka ware don masana'antu da wuraren aiki, neman gina sito a kansa tafiya ce a kan hanya. Neman babban kanti a kan wannan fili kuwa hawan dutse ne, balle filin da ke cikin yankin da aka killace a gefen birane don hana su bazuwa. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Muna roƙonku kada ku biya kuɗin fili gaba ɗaya da fatan izini zai biyo baya. Ku sa lauya ya rubuta cinikin da sharaɗin ba zai kammala ba sai izini ya fito, ko ku sayi haƙƙin zaɓin saye na wani wa'adi. Ku kuma biya kuɗin neman shawarar jami'an hukuma kafin shigar da takarda. Shawarar ba ta ɗaure hukuma ba, amma tana nuna inda gizo ke saƙa tun kuɗin zane bai yi nisa ba.

Masu niyyar kanti, ofis ko wurin shaƙatawa, ku tsaya a nan da kyau, domin a nan ne ayyuka masu kyau suka fi faɗuwa. Manufar gwamnati ita ce a fifita tsakiyar gari. In filinku yana waje, kuma kundin yankin bai ware shi don wannan ba, sai kun nuna cewa kun duba tsakiyar garin ba ku sami wurin da ya dace kuma yake samuwa ba, sannan kun duba gefensa, wanda ga kanti ake aunawa da tazarar da ba ta wuce mita 300 daga babban yankin shaguna ba. Cewa kawai wuraren can sun yi ƙanana ba ya wadatarwa. Za a tambaye ku ko kun gwada sassauta girman ginin ko fasalinsa, misali hawa biyu maimakon shimfiɗa ɗaya. Bayan haka, kanti ko wurin shaƙatawa da ya haura murabba'in mita 2,500 sai an kawo lissafin yawan cinikin da zai janye daga tsakiyar gari, kuma hukumomi da dama sun sa nasu ma'aunin ƙasa da wannan sosai. Faɗuwa a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu ya isa dalilin ƙin izini, komai kyawun zane da yawan ayyukan yin da aka yi alkawari. Muna ganin wannan tsari yana da hujja: kasuwar gari in ta mutu, tayar da ita ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai batun hanya. A wuraren da ke da hukumomi hawa biyu, hukumar gunduma ce ke ba da izini, amma babbar hukumar lardi ce ke kula da tituna da magudanan ruwan sama, kuma jami'in da ke riƙe da fayil da wuya ya ba da shawarar amincewa alhali masu hanya suna kan ƙorafi. Rahoton zirga-zirga da aka ƙirga motocinsa lokacin hutun makaranta za a dawo da shi a sake. Mai sito ya kawo zanen da ke nuna yadda babbar tirela za ta shiga, ta juya, ta fita da gaba ba tare da ta hau hannun wasu ba. In aikin zai taɓa titin gwamnati, kamar sabon shataletale ko fitilar hanya, wannan wata yarjejeniya ce daban ƙarƙashin sashe na 278 na dokar hanyoyi ta 1980, da kuɗinta da lokacinta. Rahoton haɗarin ambaliya wajibi ne ga duk filin da ya kai hekta 1, ko da yana yankin da haɗarin ya fi ƙanƙanta.

Abin da ke cinye shekara guda ba a ankara ba shi ne binciken halittu, saboda yana da lokacinsa. Binciken fitar jemagu daga tsohon gini ko bishiya ana yin sa ne tsakanin Mayu da Satumba. Wanda aka ce masa a watan Oktoba ya kawo wannan rahoto, sai ya jira Mayu mai zuwa. Tun daga 12 ga Fabrairu 2024 kuma, manyan ayyuka sai sun nuna ƙarin kashi 10 cikin 100 na darajar muhallin tsirrai da dabbobi a kan yadda suka tarar da filin, kuma a kula da wannan ƙari shekara 30. Kada wani ya ba ku shawarar share fili da katafila kafin a auna shi don lissafin ya yi sauƙi. In an lalata wurin bayan 30 ga Janairu 2020 ba da izini ba, da darajarsa ta kafin lalatawar za a yi lissafi.

Da takardu sun cika, za a manna sanarwa ko a aika wa maƙwabta wasiƙa, a buga a jarida, a ba jama'a kwana 21. Yawan masu ƙorafi kaɗai ba ya kayar da aiki, abin da suka faɗa ake aunawa. Cunkoso, hayaniya da dare, tare haske, kamannin gini da illa ga ginin tarihi duk ana saurare. Faɗuwar darajar gida, toshe wa mutum kallon da yake jin daɗi, ko tsoron gasar wani shago, ba su cikin lissafi. Waɗanda ke cikinku da babban aiki zai sauka kusa da shagonsu, ku rubuta ƙorafinku a kan lambar manufar da aka saɓa a cikin kundin yanki. Ya fi sa hannun mutum ɗari a kan takardar da ba ta ambaci manufa ba.

Fiye da tara cikin goma na takardun neman izini jami'ai ne ke yanke su ba tare da sun je gaban kansiloli ba, amma manyan ayyuka masu jayayya galibi kwamiti ake kai wa. Rahoton jami'i yana fitowa aƙalla cikakkun ranakun aiki 5 kafin zama. Ku karanta shi a ranar da ya fito, domin kuskuren adadi ko sharaɗin da ba zai yiwu ba a wannan ɗan tsakanin ake gyara shi. A zaman, yawancin hukumomi minti uku suke ba kowane ɓangare. Ba lokacin kawo sabuwar hujja ba ne, lokacin amsa damuwa ɗaya ko biyu ne da kuka san tana ran kansiloli. Ku guji matsa wa ɗan kwamiti ya yi muku alkawarin ƙuri'a, domin wanda ya shiga zama ya riga ya rufe zuciyarsa zai iya jawo a soke hukuncin a kotu. Kansiloli suna da ikon saɓa wa shawarar jami'ansu, amma sai sun ba da dalilan tsara gari da za su iya karewa.

Ga inda mutane suka fi yin asara: ƙuri'ar amincewa ba ita ce izini ba. A yawancin manyan ayyuka kwamiti yana amincewa ne da sharaɗin a sa hannu kan yarjejeniyar sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, wadda ke ɗora wa mai gini kuɗin gyaran mahaɗa, tallafin motar haya, horar da 'yan yanki da makamantansu. Takardar izini ba ta fita sai an kammala ta, kuma hakan kan ɗauki watanni. Nauyin yana bin filin ne, shi ya sa ake neman duk mai haƙƙi a kansa ya sa hannu, har bankin da ya ba da bashi a kansa. Ku sanar da banki tun farko. Kuna da damar ja da duk buƙatar da ba ta cika sharuɗɗa uku ba: ta zama dole don aikin ya karɓu, ta shafi aikin kai tsaye, kuma girmanta ya dace da girmansa. Ban da wannan, wasu hukumomi suna karɓar harajin ababen more rayuwa a kan kowane murabba'in mita na sabon gini. Wanda ya fara aiki bai miƙa sanarwar farawa ba, ana iya ƙara masa tarar kashi 20 cikin 100, iyakarta fam 2,500, ya kuma rasa damar biya kashi-kashi.

In takardar izini ta zo, ku fara karanta sharuɗɗan da ke cewa kafin a fara aiki. Tsarin magudanar ruwa, binciken gurɓatar ƙasa, tsarin shige da ficen motocin gini, kowanne sai an miƙa an amince, kuma hukuma tana da mako 8 a kan kowace buƙata. Cikakken izini yana mutuwa bayan shekara 3 in ba a fara ba, kuma haƙa harsashi kafin a cika irin waɗannan sharuɗɗa na iya zama farawar da doka ba ta san da ita ba. Mai izinin share fage kuwa, wato wanda aka amince da ainihin aikinsa kafin ya kawo cikakken zane, yana da shekara 3 ya miƙa sauran bayanan, wato hanyar shiga, kamanni, shuke-shuke, shimfiɗa da girma, sannan shekara 2 daga amincewar ƙarshe ya fara. Maƙwabta ba su da ikon ɗaukaka ƙara kan izinin da aka bayar, amma suna iya zuwa Babbar Kotu cikin mako 6 kan kuskuren bin doka. Kada ku sa hannu da ɗan kwangila ko ku ɗauko manyan injuna sai wannan wa'adi ya wuce lafiya.

In an ƙi, kuna da wata 6 ku ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetocin tsara gari, wadda za ta duba lamarin sabo, ta hanyar rubutu, ko zaman sauraro, ko cikakken bincike da lauyoyi da shaidu. Ɓangaren da ya yi rashin hankali a shari'ar, hukuma ce ko mai gini, ana iya ɗora masa kuɗin da ɗayan ya kashe. Duk da haka, in dalilin ƙin abu ne mai gyaruwa, kamar tsayin gini ko wurin ƙofar shiga, sake shigar da gyararren zane ya fi sauri da arha. Haka nan in mako 13 ya cika shiru, kuna iya ɗaukaka ƙara kan rashin hukunci, sai dai yin hakan yana cire fayil daga hannun jami'in da wataƙila ya kusa amincewa. Idan ya nemi ƙarin lokaci a rubuce, yawanci yarda ta fi, amma ku sani tana iya hana ku karɓar kuɗin takardarku da ake mayarwa in mako 26 ya wuce ba hukunci. Ku yarda da takamaiman rana, tare da ranar zaman kwamitin da za a kai aikin.

Duk wanda ke da fili a ido, muna roƙo ya turo mana adireshinsa, takardar mallaka, girman ginin da yake so da ranar da yake fatan buɗewa, kafin ya sa hannu a kan komai. Wanda filinsa ke da tsohon gini ko manyan bishiyoyi, ya tuntuɓe mu kafin watan Afrilu don a samu mai binciken jemagu a kan kari.

Allah ya sa albarka a cikin kasuwancinku.

Naku,
Ma'aikatan ofishinmu na ba da shawara kan tsara gari da izinin gini