Mijina ya warke daga korona amma har yau bai dawo daidai ba

Slm Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ki sakaya sunana in za ki karanta saboda danginsa ma suna jin shirin nan.

Maigidana ɗan kasuwa ne a Kwari, atamfa da shadda yake sayarwa. Korona ta kama shi a Janairun 2021 lokacin da ta sake dawowa, da farko mun ɗauka maleriya ce ta haɗu da sanyin hunturu, sai da numfashi ya fara gagararsa aka kai shi inda ake killace masu cutar, kwana 19 yana can yawanci kan oksijin ba mai shiga duba shi sai dai waya. Ranar da aka sallamo shi har sadaka muka raba. To Anti jiki kam ya samu amma wlh mutumin da na sani bai dawo ba.

Cikin dare sai ya zabura yana yagar fuskarsa kamar mai cire wani abu daga hanci, ya jiƙe sharkaf da gumi yana cewa iska ta ƙare a kira nas. In na buɗe gas zan yi girki, wannan ɗan hucin da yake yi kafin wuta ta kama, ya taɓa sa shi fita ƙofar gida ba takalmi jikinsa na ɓari, dole na koma gawayi in yana gida. Sau ɗaya tak ya buɗe baki ya gaya min, wai akwai wani dattijo a gadon da ke gefensa, da daddare suka yi ta hirar 'ya'yansu, kafin asuba ya cika yana kallonsa, shi kuma ko ɗaga hannu ba ya iyawa. Tun daga nan ba ya taka asibiti, haihuwar autarmu ma a bakin get ya tsaya.

Ga mantuwa. Mutumin da yake lissafin dila guda da ka, yanzu sai ya ba da canji sau biyu, yaron shago ne ke rufa masa asiri. Turaren wuta ma ya ce warin ƙonanniyar roba yake ji.

Hajiyarsu ta ce sammu ne 'yan kasuwa suka yi masa, an yi ruƙiyya an sha rubutu, ni ma ban raina addu'a ba kullum cikinta nake. Amma ƙanina da ke karatun nas ya zaunar da ni ya ce wannan ciwo ne sananne, firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro ne ke zama a kunne ko da hatsarin ya wuce, shi ya sa ƙara kaɗan take mayar da shi kan gadon nan. Ya ce a 2022 masu bincike na Jami'ar Oxford a Ingila sun duba hoton ƙwaƙwalwar mutum 401 kafin su kamu da korona da kuma bayan sun kamu, suka ga ta ɗan ragu musamman wajen da ya shafi jin ƙamshi da tunawa. Ya ce ko cutar SARS ta 2003, wata cutar numfashi 'yar'uwar korona, haka ta bar mutane da yawa a Hong Kong da firgici shekaru bayan sun warke. Ranar na yi kuka sosai, duk lokacin nan ina jin haushinsa ina cewa ya canza min ashe bawan Allah ciwo ne ke cinsa.

Matsalar ita ce da na ce mu je mu ga likitan ƙwaƙwalwa sai ya ce wato Dawanau zan kai shi, na mayar da shi mahaukaci, kwana uku bai ci abincina ba. Anti ta ina zan ɓullo masa? Shin in samu babban yayansa ko limamin unguwa da yake jin maganarsa, ko hakan tona masa asiri ne? Kuma dan Allah ki tambayar min likita, bayan shekarun nan ƙwaƙwalwar tana iya komawa daidai ko mun makara? Sannan in ya zabura cikin dare, riƙe shi zan yi ko ƙyale shi, dan wani lokacin in na taɓa shi abin ƙaruwa yake.

Taki, mai sauraro daga Kano.