Godiya ga ma'aikatan Ibom Hotel & Golf Resort, Uyo

Assalamu alaikum, gaisuwa mai yawa zuwa ga manaja da duk ma'aikatan wannan otal, tun daga masu gadi a get har zuwa 'yan kicin.

Na zaɓi in rubuta wannan a fili ne maimakon in tura ta imel ta tsaya a ofishin mutum ɗaya, domin mutanen da nake son godiyar ta kai musu yawancinsu ba a ofis suke ba, suna can cikin fili da rana da ruwa. Yabon gwani ya zama dole, kuma ni dai ban iya cin alheri in yi shiru ba.

Ni Bakatsine ne amma Kaduna nake zaune, kuma wasan golf ɗin nan da 'yan jarida ke cewa ƙwallon lambu da girma na koye shi, mu a gida folo muka sani da dawakai. Abokaina sun daɗe suna min surutun filinku na Nwaniba, wai rami 18 ne cif kuma ciyawa ce tun daga farko har ƙarshe, ni kuma ina cewa ai in dai hutu ne na kirki sai an fita waje. To da dala ta yi abin da ta yi, ga wahalar biza, sai na ce da Hajiya ta shirya mu tafi Akwa Ibom. Muka hau Ibom Air daga Abuja, kafin mu gama shan abin da aka ba mu sai ga mu a filin jirgin Victor Attah, kuma motarku na nan tana jira kamar yadda aka faɗa min a waya, direban har da sunana a kwali.

A resafshan yarinyar da ta karɓe mu da ta ji na ce Katsina sai ta yi dariya ta ce ai mu tagwaye ne, kuma gaskiyarta, rana ɗaya Babangida ya ƙirƙiro jihohin biyu, 23 ga Satumba 1987. Daga nan hira ta ɓarke, Hajiya da ke ɗari-ɗari tun a jirgi sai ta saki jiki. Muna shiga ɗaki na tambayi yaron da ya kawo kaya ina ne gabas, bai sani ba kuma bai yi min ƙarya ba, ya ce in ba shi minti biyu, ya je ya nemo wani abokin aikinsa musulmi ya zo ya nuna mana alƙibla. Wannan ƙaramin abu ne a wajen wani amma ni ya tsaya min a rai.

Yanzu ga wanda na fi son a kai wa wannan saƙo, kadin da aka haɗa ni da shi, wato mai ɗaukar min jakar sanduna. Ba zan faɗi sunansa a nan ba amma mai kula da su ya san shi, wani siririn saurayi ne mai yawan murmushi. Ku mutanen kudu ƙila ba za ku gane ba, mu da muka koyi wasan a arewa da yawanmu a kan burawun muka koya, wato wajen ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe, kafin ka tura ƙwallo sai an share maka hanya da abin shara, kuma in rani ya yi ƙasa ta bushe har ɗan guntun kafet mutum ke yawo da shi ya ɗora ƙwallo a kai ya buga. A burawun in ƙwallo ta faɗo tsayawa take. A naku girin ɗin kuwa, wato wajen ramin mai ciyawa, wallahi wata duniya ce daban, ƙwallo ta sauka ta ci gaba da tafiya abinta, ta bi gangare, ta lanƙwasa, ta wuce rami tana kallonka. Yaron nan tun a rami na farko ya lura da hannuna, ya tambaye ni ko a yashi na saba, na ce eh, sai ya fara koya min ba tare da ya sa na ji kunya ba, ya tsuguna a bayan ƙwallo ya nuna min inda ƙasa ta karkata, ya ce in duba yadda ciyawa ta kwanta domin in tana sheƙi to tana tare da ni ƙwallo za ta gudu, in ta yi duhu sai na ƙara ƙarfi, da safe kuma raɓa na riƙe ƙwallo amma rana na ɗagawa wurin zai ƙara santsi. Shi ya nuna min yadda ake gyara ɗan tabon da ƙwallo ke bari in ta faɗo a girin, abin da mu ba ma yi don a wajenmu shara ce ke gyara komai. Kuma idonsa, kai! Ƙwallo ta shige cikin bishiyoyin kwakwar manja ni na riga na yafe ta, shi kuwa kai tsaye zai je ya tsaya a kanta. Mutane na cewa golf wasan manya ne, to amma a ƙasar nan da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan daga ɗaukar jaka suka fara, don haka ina roƙonku in akwai lokacin da fili ba kowa ku riƙa barin yaran nan suna bugawa, wannan dai na ga alamar zai yi nisa.

Sai masu gyaran fili. Da yake bayan sallar asuba ba na komawa barci, ina fitowa baranda nake jin ƙarar injin yankan ciyawa tun gari bai waye ba, kafin mu fito sun yanke girin, sun baje yashin banka, wato kwarin yashin nan da ƙwallo ke faɗawa, da manjagara, sun canja wajen rami. Babu wanda ke ba su tukwici domin babu wanda ke ganinsu, to ni na gan ku, Allah ya saka da alheri. Kuma a garin da ruwan sama ba ya sallama aikin nan ba wasa ba ne. Mu ma ya kama mu muna tsakiyar wasa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, nan da nan aka turo ƙaramar motar fili ta kwashe mu, da ya ɗauke kuma aka mayar da ni daidai ramin da na tsaya na ƙarasa.

'Yan kicin ku ma na gode. Hajiya mace ce mai tambaya, komai sai ta ji me aka sa a ciki, naman me ne, da wane mai aka soya, kuma ba wanda ya ɓata rai ko ya ce mata kawai ki ci, in abu bai dace da mu ba sai su faɗa gaskiya su nuna mana wani. A nan muka fara cin miyar afang da afia efere, farar miyar nan da ba a sa mata manja, da sakwara, ga kifi ɗanye da bai san firiza ba. Ita da ba ruwanta da golf, da farko cewa ta yi manyan mutane da furfura suna bin ƙwallo a daji, amma da aka zaga da ita a mota har bakin ruwan Nwaniba ta ga kwale-kwalen masunta sai ga ta tana ɗaukar bidiyo tana tura wa jikoki.

Ba zan ce wurin da arha ba, aljihu ya ji a jikinsa, amma da naira na biya kuma ban bi layin ofishin jakadancin kowa ba. Obong Victor Attah da ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, kuma shi kansa mai zanen gine-gine ne, ya yi tunani da ya kafa wannan wuri, lokacin da sunan Le Meridien aka san shi. Sai dai gini kowa na iya yi in akwai kuɗin gwamnati, mun ga otal nawa aka buɗe da kiɗa da rawa yau jemagu ne a ciki, riƙewar ce aiki kuma ku ne kuke riƙe da shi.

Manaja don Allah a karanta musu wannan a taron ma'aikata, kar a tsallake masu yankan ciyawa. In Allah ya kai mu bayan damina zan dawo da abokan wasana na Kaduna, zan kira tun da wuri a ajiye mana lokacin safe, kuma kadina nake so a sake ba ni, su sauran sai su nemi nasu.

Naku,
Wani baƙonku daga Kaduna