A Nemi Masana Kafin A Karanta Tsofaffin Takardun Gado

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani abu da ke raba zumunci ba tare da an lura ba, wato karanta tsofaffin takardun gado da iyaye da kakanni suka bari. Sau da yawa akan fito da takarda daga akwati, a miƙa wa duk wanda ya iya Larabci a gidan, abin da ya faɗa kuma shi ke nan. Alhali iya Larabci daban, iya karanta tsohon hannu daban.

Mafi yawan takardun nan da rubutun Magaribi, wato salon Arewacin Afirka, aka yi su, ko da Larabci ko da ajami. A wannan rubutun ɗigon harafin fa a ƙasa yake, ƙafu kuma ɗigo ɗaya ne a samansa. Wanda ya saba da bugun Gabas zai ga ƙafu ya karanta fa. Idan tawada ta koɗe ɗigo ya ɓace, "sab'a" da "tis'a" sai su zama kusan abu guda, bakwai ta koma tara. Mafi haɗari shi ne "sumuni", kashi ɗaya cikin takwas na matar mamacin da ya bar ɗa ko 'ya, da "samani", wato kuɗin abin da aka sayar. Haruffansu ɗaya ne, wasali kawai ya raba su, kuma tsofaffin marubuta ba kullum suke sa wasali ba. Sai an karanta jumlar gaba ɗaya za a gane ko rabon mace ake nufi ko ciniki.

Kwanan wata ma yana da nasa tarko. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, shekara ta 1300 kuwa ta fara ne a 1882. Wasu malaman da ramzi suke rubuta shekara, wato da haruffa a maimakon lambobi, kuma lissafin Magaribi ya saɓa da na Gabas: harafin shinun 1000 ne a Magaribi, 300 a Gabas.

Sai kalmomin shari'a, inda nake ganin an fi cutar da marayu da mata. Takarda ta ce "ɗan'uwa", a wuce haka nan, ba a tsaya an duba ko shaƙiƙi ne (uwa ɗaya uba ɗaya), ko li'abi (uba ɗaya), ko li'ummi (uwa ɗaya) ba, bayan kowane da matsayinsa. Li'ummi guda sudusi (ɗaya cikin shida) yake samu, idan sun fi ɗaya su raba sulusi (ɗaya cikin uku), mace da namiji daidai, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Haka ake cakuɗa wasiyya da kyauta. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Kyauta kuwa, a mazhabar Malikiyya, idan mai ita ya rasu wanda aka ba bai karɓa a hannunsa ba, ta koma cikin gado. Gonar da aka rubuta jingina ce, wani ya karanta ta a matsayin sayarwa, jikoki sun yi asara ke nan har abada.

Shawarata ita ce, a fara ɗaukar hoton takardar gaba da baya, har da gefenta, domin a nan ake samun sunayen shaidu da gyaran alƙali. Kada a bi kan rubutun da biro, kada a liƙe ta da selotef. Sannan mutum biyu waɗanda ba su da rabo a gadon su kwafe ta harafi da harafi, kowa shi kaɗai, inda bai karantu ba su bar gurbi kada su cike da zato. Bayan haka ne za a kai wa masanin ilimin gado ko kotu.

Ina kuma roƙon jaridarku ta riƙa gayyato tsofaffin alƙalai da magatakardan kotu su yi wa jama'a bayanin waɗannan kalmomi, tun da masu iya karanta wannan hannu sai raguwa suke yi.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku